Taswirar da aka zana da rani ba ta san damina ba

Jama'ar Kebbi, kafin a sake raba kwangilar hanyoyin karkara, ya kamata jiha ta mallaki taswirar kwamfuta ta kowace hanya a ƙananan hukumomi 21, kuma a duba hanyoyin nan da damina.

Aikin ba tsafi ba ne. Mutum biyu a babur, wayar da ke da GPS, da manhaja irin OsmAnd ta taswira da KoboToolbox ta tattara bayanai, masu aiki ko babu sabis. Waya za ta zana layin hanya, a fili kuskurenta bai cika wuce mita 10 ba. Amma layi kaɗai bai wadatar ba. Duk kwalbatin da aka iske a tsaya, a ɗauki hoto, a auna bakinsa, a rubuta ko yashi ya toshe shi ko ruwa ya cinye gindinsa. A rubuta kwalta ce, burji ko turba, ina mashigi yake, wata nawa mota ba ta wucewa. Wannan ta ƙarshe ɗan kabu-kabu da direban a-kori-kura sun fi injiniya saninta.

Inda gizo ke saƙar shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Hotuna masu kyau yawanci na rani ne, don da damina gajimare ke rufe ƙasa. A hoton Fabrairu turbar da ta ratsa fadamar Argungu ko Suru tsaf take, a Satumba kwale-kwale ke bin wurin. Mai zane daga ofis zai sa ta cikin masu biyuwa, shi ke nan ƙauyen ya fita daga jerin mabuƙata, tunda ma'aunin duniya yana ƙidaya mutanen da ke cikin kilomita 2 daga hanyar da ke biyuwa duk shekara.

Kebbi na cikin RAAMP, shirin Bankin Duniya na gyara hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona. Bayanan da irin wannan shiri ke tarawa bai kamata su kwana a kwamfutar ɗan kwangila ba. A ba kowace hanya lamba, a buga ta a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya dubawa, kasafin kuɗi ya ambaci lambar da tsawonta, don kada a ba da hanya ɗaya sau biyu da suna biyu. A sabunta bayan kowace damina. Ambaliya irin ta 2020 kan sauya komai.

A Danko/Wasagu da Sakaba kuwa kada a tura baƙo. Wanda aka gani yana ɗaukar hoton gada da waya, infoma za a ce da shi. A horar da 'yan gari, da sanin uban ƙasa da jami'an tsaro.