Toka a goshi, haƙƙin yarinya a jaka

Na so in kama bakina har Ista, amma abin da ya faru a ƙofar coci ranar Larabar Toka, ranar da muke fara azumin kafin Ista, ya hana ni barci. Waɗanda muka fito tare kun gani da idonku. Ba zan kama sunan matar ba, ta san kanta. Tokar da Fada ya shafa mata ko kaɗewa ba ta yi ba, wata tsohuwa ta durƙusa a ƙasa tana roƙonta kuɗin aikin gida na wata uku da 'yarta ta yi mata, amsar da ta samu ita ce: "Mama, azumi nake yi, kada ki ɓata min rai." Matar ta ɗaga gilashin motarta. Da yamma sai ga hoton goshinta a Facebook, mutane suna ta zuba amin.

Wannan ba azumi ba ne, 'yan'uwa. Yunwa ce kawai.

Kun san daga ina tokar nan take? Ganyen dabinon da muka ɗaga bara muna hosanna, shi aka ƙona. Mai shafawa kuma yana tuna maka kalmar Farawa 3:19, cewa kai ƙura ne, ga ƙura za ka koma. Babban yatsan da ya taɓa goshin mai mota shi ya taɓa na yarinyar da ke yi mata wanke-wanke. Toka ɗaya, kabari ɗaya. Yaya za ki karɓi wannan da safe, kafin ki kai bakin titi ki wulaƙanta uwar wadda ke share miki gida?

Abin da Ikilisiyar Katolika ta ɗora mana a kan ciki ma kaɗan ne. Kwana biyu kacal ne na dole, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Almasihu, ga mai shekara 18 zuwa 59: abinci cikakke sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu. Sai barin nama kowace Juma'a daga shekara 14. Kiristocin Habasha kwana 55 suke yi ba nama, ba madara, ba ƙwai. Namu kwana 40 ne, ban da Lahadi, don tunawa da zaman Yesu a jeji. An sauƙaƙa mana ciki ne domin nauyin yana wani wuri. Addu'a, azumi, sadaka: duwatsun murhu ne guda uku, ka cire ɗaya tukunya ta kife. Abin da ka hana bakinka, a tukunyar wani ya kamata ya sauka. To ina ga wadda ta riƙe abin da ma ba nata ba ne?

Ku buɗe Ishaya 58. Mutane sun kai kuka cewa sun yi azumi Allah bai duba ba. Amsar da aka ba su ita ce, a ranar azumin nan kuke matsa wa ma'aikatanku. Yakubu 5:4 ya ce ladan ma'aikaci da aka danne kuka yake yi, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Wata uku yana kuka a cikin jakarki.

Na san abin da za a rubuto mini. "Kada ka yi hukunci." Zuciyarta ban gani ba, gwiwar tsohuwa a ƙasa na gani. "Tsakaninta da Allah ne." A'a, akwai yarinya a tsakani. "Wataƙila ta fasa mata kaya." Farantin wane gida ne ya kai kuɗin wata uku? Ku biya ta, sannan mu zauna mu yi muhawara. Masu barin nama ranar Juma'a su sayi giwan ruwa da ya fi naman tsada, ku ma da ku nake.

Mahaifiyata ba ta iya karatu ba, amma duk lokacin azumi akwai wata ƙwarya da take ajiyewa a bayan randa. Duk sa'ad da za ta kai niƙa, sai ta ɗebi dintsi ɗaya na dawa ta zuba a ciki. Muna yara mukan yi gunaguni don tuwon ya ragu. Ranar Asabar kafin Ista sai ta ɗora wa yayata ƙwaryar a ka, a kai gidan wata gwauruwa a ƙarshen layinmu, da gargaɗin kada ta tsaya a yi mata godiya. A 2025 da 2026 azuminmu ya haɗu da watan Ramadan, mun ga yadda kunu da ƙosai ke tsallake katanga zuwa gidajenmu da magariba. Daga gidajenmu me ya tsallaka?