Kicin ɗin Mushe a gidan Alhaji

Safiyar Lahadi, wani gidan haya a unguwar Zariya, Maradi. Alhaji mai gidan ya iso da carbi a hannu, Tanko magini da yaronsa na biye da shi. Mushe, malamin lakwal, yana tsaye bakin wani ɗan ɗaki da gizo-gizo ya riga kowa kamawa haya, riƙe da takarda.

ALHAJI: To Mushe, ga ni. Yaro ya ce kana nemana da gaggawa, na ce Alhamdulillahi, kuɗin wata sun samu.

MUSHE: Wata bai mutu ba tukuna, Alhaji. Zancen kicin ne. Ga tsarin da na zana.

ALHAJI: Da jan biro? Gidan nawa ka ci wa gyara?

MUSHE: Dubi nan. Ɗakin mita 2 da rabi ne a tsawo, mita 2 a faɗi. Abu uku ke riƙe kicin: murhu, wurin wanke-wanke da firigo. Ana jera su kamar duwatsun murhu, mai girki tana tsakiya, duk inda ta juya taku biyu ya kai ta.

ALHAJI: Kana da firigo?

MUSHE: Ga shi nan a kusurwa.

ALHAJI: Ba na takarda ba.

MUSHE: In kuɗin ƙarin girma suka fito za a saya.

ALHAJI: Tanko, a bar wa ƙarin girma santi 60 a kusurwa, kada ya zo ya rasa wurin zama.

TANKO: Ba matsala, Alhaji.

(Tanko bai taɓa haɗuwa da matsala ba kafin a ba shi kuɗin somin aiki. Bayan an ba shi, shi kansa ba a cika haɗuwa da shi ba.)

MUSHE: Sai a jawo tiyo daga pampon tsakar gida zuwa bangon nan.

ALHAJI: Ruwa ya shigo, na ji. Ta ina zai fita?

TANKO: A huda bango ya zuba lungu.

ALHAJI: Lungun da Liman ke bi zuwa masallaci da asuba? Kana so a karanta sunana cikin huɗuba?

TANKO: To sai a gina rami a tsakar gida, a zuba duwatsu, a rufe da dalle. Tiyon ya riƙa gangarawa santi 2 a kowace mita, in ba haka ba ruwan tsakin gero ya kwanta ciki, wata guda ya toshe.

ALHAJI: Madalla. Wa zai biya?

MUSHE: Ai gidanka ne, Alhaji.

ALHAJI: Ai tuwonka ne, Mushe. Bari in faɗa maka ƙa'idar gidan haya tun zamanin mahaifina: biya na ɗan haya ne, duk abin da ya manne da bango kuma na mai gida.

MUSHE: In haka ne ba abin da zai manne. Teburin ƙarfe zan sa mai walda ya yi mini, da kanta mai ƙafa. Ranar da zan tashi in ɗora kayana a amalanke.

ALHAJI: Ramin fa?

MUSHE: Ramin…

ALHAJI: Shi ma ka ɗora shi a amalanke, ban hana ba. Tanko, siminti buhu nawa?

TANKO: Buhu 8. Na Malbaza za a sa ko wanda ke shigowa ta Jibiya?

ALHAJI: Duk wanda Mushe ya saya mai kyau ne. Amma tsaya. Ɗakin da in akuya ta shiga sai ta fito da baya shi zai ci buhu 8?

TANKO: Biyar na aiki ne, uku na ko-ta-kwana.

YARO: Maigida, ba ukun nan ne na daɓen ɗakin amaryarka ba?

TANKO: Je ka auno mini wancan bangon. Na waje. Ka daɗe kana aunawa.

MUSHE: Taga kuma a gabas nake so, hasken safe ya shigo.

TANKO: Ba matsala.

MUSHE: A shimfiɗa karo fari a ƙasa, dakalin girki ya kai santi 90.

TANKO: Ba matsala ko kaɗan.

(Nan Madam, matar Mushe, ta fito daga rumfa da muciya a hannu. Duk abin da ake faɗi tana ji tun ɗazu, don rumfar taku huɗu ce daga wurin.)

MADAM: Ina kwana, Baba Alhaji. Na ji ana ta rabon ɗaki, na ce in zo in ga wadda za a yi wa kicin ɗin, in yi mata barka.

ALHAJI: Lafiya lau, ɗiyata. Ai ke ce.

MADAM: Ashe. Baban Nana, wa ya ce a yi taga a gabas?

MUSHE: Ilimi ne ya ce.

MADAM: Ilimin nan bai taɓa kwashe shanya ba. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, ruwa ya bugo har cikin miya. Hunturu ya zo, ƙurarsa ma ta can gefen take shigowa. A yamma kuma ranar la'asar ta watan Afrilu za ta dafa ni kafin in dafa wake. A huda ta a kudu, sama, a sa mata raga.

TANKO: Abin da na so in faɗa ke nan.

MADAM: Kuma a bar wata kafa ƙasa, dab da daɓe. Gas in ya tsiyaya ba sama yake tashi ba, ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana jiran ashana. Ita ma kafar a sa mata raga saboda ɓera.

MUSHE: Wannan gaskiya ne. Tun da matatar Zinder ta soma aiki a 2011 gas ya yawaita a gidaje, ya kamata jama'a su…

MADAM: Tukunyar gas ɗinmu mai kilo 6 ce, kuma ba ta ƙarewa sai ranar da danginka suka zo daga Tibiri. Don haka murhun gawayi yana nan a rumfa, ba zai shiga ɗaki ba, hayaƙinsa a rufaffen wuri kisa yake ba sallama. Sai dakali. Santi nawa ka ce?

MUSHE: Santi 90. Haka ake yi ko'ina a duniya.

MADAM: Duniyar da ba ta tuƙa tuwo. Riƙe muciyar nan. Tanko, ɗora tukunyar can bisa gangar ruwa. To bismilla, tuƙa mana na mutum goma sha ɗaya.

(Mushe ya ɗaga gwiwar hannu har kunne, ya juya sau biyu, tukunya ta yi tsalle ta sauka kan ƙafar Tanko.)

TANKO: Wayyo! Akwai matsala!

MADAM: Tuwo a zaune ake tuƙa shi, tukunya a ƙasa, a taka ta da ƙarfe. A yi dakali biyu: dogo na yanka albasa, gajere iya gwiwa na babbar tukunya. Karo kuma a bango za a manna shi, bayan murhu, inda mai ke fantsama. In aka sa a ƙasa, turmi zai gama da shi kafin sallar layya. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, don yanzu in ta buɗe ciki rabin ɗakin take cinyewa. Sauran rabin kuma…

ALHAJI: Sauran rabin mi?

MADAM: Buhunan ayarka shida, Baba Alhaji, da ka ce a ajiye maka na kwana biyu, shekarar da aka haifi Nana.

ALHAJI: Kasuwa ce ba ta yi ba tukuna. Amma ɗiyata, kin yi magana. Pampo a ciki, taga, karo, dakali biyu, ƙofa sabuwa. Gida mai irin wanga kicin ai ya wuce jika 35. Daga watan gobe jika 45 ne.

MUSHE: Alhaji! Ni fa zan biya gyaran!

ALHAJI: Shi ya sa na san ba za a yi aikin banza ba. Tsaya ma. Tanko, bangon kudun nan da za a huda, ba titi yake kallo ba?

TANKO: Titi ne, Alhaji. Ƴan kabu-kabu ma nan suke tsayawa.

ALHAJI: To mi zai sa a tsaya ga taga? A sauke ta har ƙasa ta zama ƙofa. Shago mai pampo a bakin titi, ko mai aski ya ba da jika 20. Mushe, juya bayan takardar, zana mini kanta.

MADAM: Ni kuma in yi girki ina?

ALHAJI: Inda kika saba, ɗiyata. Wa ya taɓa kuka da tuwonki?

YARO: (daga waje) Maigida, na gama awo. Buhu nawa za mu ce na shago?

TANKO: Ka ce 12. Amarya ta ce tana son baranda.