Wanda kansa ya bugu ba shi za a tambaya ba

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya kallon wasan yaran unguwarmu a filin firamare. Ɗan yayata ya yi sama zai sa wa ƙwallo kai, suka gwara kai da mai tsaron baya, ji kake ƙum. Ya faɗi, ya miƙe yana tangaɗi. Koci ya fasa ledar ruwa ya kwara masa a ka, ya ce, "Za ka iya?" Yaro ya ce zai iya. To me zai ce, ga abokansa sun zuba masa ido? Na shiga fili na riƙo hannunsa, na tambaye shi ci nawa ne. Bai sani ba. Alhali shi ya zura ƙwallo ɗaya cikin biyun da suka ci.

Wannan tambayar ta "za ka iya?" ita ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙwaƙwalwar da ta jijjigu ita muke tambaya ko lafiyarta ƙalau. Ku tuna wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2014. Kafaɗar Ezequiel Garay na Ajantina ta daki kan Christoph Kramer na Jamus, aka duba shi, aka mayar da shi fili. Ya ƙara kusan minti 14 yana gudu, har ya je wurin alƙalin wasa Nicola Rizzoli yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Idan haka ta faru a babban filin wasa na Maracana a Brazil da likitoci jibge a gefen fili, ina ga filin unguwa?

Mutanenmu sun ɗauka in dai ba a suma ba, babu komai. Mafi yawan masu wannan rauni ba sa suma. Hoton kai na asibiti ma sau da yawa ba ya nuna komai, don ba ƙashi ne ya karye ba, aikin ƙwaƙwalwar ne ya rikice. Ciwon kai, jiri, mantuwa da ƙin haske na iya fitowa sai bayan awanni. Babban haɗarin shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke. Rowan Stringer, 'yar shekara 17 mai wasan ragbi a Kanada, haka ta rasu a 2013, har lardin Ontariyo ya kafa doka da sunanta a 2018.

Ƙa'idar likitocin wasanni ba ta da wuya. Ranar da abin ya faru, babu komawa fili. A huta kwana ɗaya zuwa biyu, sannan tafiya a hankali, sassarfa, atisaye ba gogayya, daga nan atisaye cikakke bayan likita ya amince, kowane mataki aƙalla awa 24. Alamu suka dawo, a ja baya. A Birtaniya, tun 2023 ƙa'idar wasannin ƙananan ƙungiyoyi ita ce ba gasa kafin kwana 21. Amai a kai a kai, farfaɗiya, ko barcin da ake kasa tashin mutum, wannan asibiti ne nan take.

Gidan dambe kuwa ya fi tayar mini da hankali. Ina son dambe, gadonmu ne. Amma a kashe ɗan dambe da yamma, ya kwanta shame-shame, gobe makaɗi ya kira sunansa da kalangu ya sake ɗaure hannu ya shiga turmi, ana masa liƙi ana cewa namiji ne. Wa ya ƙirga masa kwanaki?

Yau kwana shida, ɗan yayata in ya buɗe littafi kansa na sarawa. Jiya kocinsu ya kira ni, wai suna da wasa ran Lahadi kuma yaron da kansa ya ce ya warke. Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, ka nemi wani a lambarsa. Litinin za mu koma wurin likita."