Kyauta ma tana da mai ita

Makon jiya ƙanena ya kira ni daga gida hankalinsa a tashe. Yana da rubutun da zai miƙa a makaranta, kwamfutarsa kuma ta ƙi ba shi haɗin kai. Manhajar rubutun da aka zuba masa irin wadda aka fasa makullinta ce, ranar nan ta wayi gari ta ce lasisinta na bogi ne, ta kulle. Na ce ya sauke LibreOffice, wata manhajar rubutu da masu ita suka bayar kyauta, ya ci gaba da aikinsa. Ya yi jim, sannan ya ce, "Yaya, wannan ta kyautar? Anya kuwa? Ni fa abin kyauta ban yarda da ƙarkonsa ba." Na tambaye shi da wace waya yake kirana. Ya ce Android. Na ce to ƙashin bayan wayar nan Linux ne, tsarin da ke tafiyar da na'urar, shi ma kyauta aka bayar da shi, kuma shekara nawa kana riƙe da ita ba ka ce ba ta da ƙarko ba.

Ban ga laifinsa ba, domin ni ma da wannan tunanin na baro gida. A lokacin manhaja iri biyu na sani: wadda ake saya, da wadda ake samu a banza. Ta banzar kuwa duk buhu ɗaya na zuba su, da wadda aka sato aka fasa, da wadda masu ita suka bayar da hannunsu da zuciya ɗaya. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai bambanci ba. VLC, mai alamar mazubin nan ruwan lemo da ake jerawa a kan titi, babu kwamfutar da na taɓa riƙewa da ba ta cikinta. Duk bidiyon da ya gagari sauran manhajoji ita ke buɗe shi. Amma ko sau ɗaya ban tambayi wa ya yi ta ba. Sai daga baya na san ɗalibai ne a makarantar École Centrale ta birnin Paris suka faro aikin a 1996, aka sake ta ga kowa a 2001, kuma ƙungiyar VideoLAN da ke riƙe da ita ba ta neman riba. Shugabanta, Jean-Baptiste Kempf, an yi masa tayin maƙudan kuɗi don ya cusa talla a cikinta, ya ƙi. Shi ya sa har yau kake buɗe ta ba abin da ke tsalle ya tare maka fuska. Wani mutum ne ya ce a'a, mu kuma muna cin moriyar a'ar tasa ba mu san sunansa ba.

Abin da ya sauya mini tunani zamana ne a Beljiyam. Kowace shekara, wajen farkon watan Fabrairu, ana yin wani taro a jami'ar ULB da ke Brussels, sunansa FOSDEM. Kwana biyu ne, Asabar da Lahadi, dubban mutane ke zuwa daga ko'ina, ba tikiti, ba rajista, ka shigo kawai. Masu aikin sa kai ne ke shirya shi tun daga farko har ƙarshe. Zuwana na farko ana sanyi ana yayyafi, na shiga wani dogon zaure na ga wata dattijuwa, furfura ta cika mata kai, ta durƙusa tana manne wayar lantarki a ƙasa da salatif don kada mutane su yi tuntuɓe. Na ɗauka ma'aikaciyar jami'ar ce. Bayan azahar na shiga wani aji da ya cika maƙil, har wasu na zaune a ƙasa, sai ga ta a gaba tana bayanin wani gyara da ta yi a manhajar da take kula da ita. Da ta gama ta amsa tambayoyi, ta naɗe kwamfutarta, ta koma ta ci gaba da jan kujeru. A teburan da aka jera a zauren kuma ga mutanen Debian, wani tsarin Linux, ga na LibreOffice, ga na PostgreSQL, manhajar adana bayanai, suna raba sitika suna amsa tambayar duk wanda ya tsaya. Ranar na fara ganin fuskokin masu abin da na shekara goma ina amfani da shi kamar daga sama ya faɗo.

Akwai kuma abin da ya faru da ni, wanda har yanzu in na tuna nakan ji nauyi. Wata ƙaramar manhaja da nake sarrafa takardu da ita ta riƙa lalata haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, tana mayar da su akwatuna. Na fusata na rubuta wa mai kula da ita saƙo, ba gaisuwa, ba godiya, na ce wannan wane irin aiki ne, yaushe za a gyara. Na yi magana kamar wanda ya biya kuɗi aka cuce shi. Amsarsa ta shigo wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ya ce ya gode da na sanar da shi, bai san da waɗannan haruffa ba, in taimaka in aiko masa da takarda ɗaya da matsalar ta bayyana a ciki. Ya ƙara da cewa in yi haƙuri, da rana yana wurin aikin da yake ci da iyalinsa, sai yara sun yi barci yake samun zama. Kwana uku ya gyara. A bayanin sabon zubin ya sa sunana cikin waɗanda ya yi wa godiya. Ni da na zo da faɗa, ni aka yi wa godiya.

To a nan ne nake kwatanta can gida da nan Turai, kuma ba na ganin akwai ɓangaren da ya fita. A can gida matsalarmu raini ne da rashin sani. Muna ganin duk abin da ba a sa masa kuɗi ba to na waɗanda suka rasa ne, har mutum ya gwammace ya yi amfani da na sata mai ɗauke da ƙwayar cuta da ya yi amfani da halastacce na kyauta. A nan kuwa an san darajar abin sarai. Kamfanoni sun gina dukiyarsu a kansa. Sai dai sanin bai hana su ɗora wa mutum ɗaya kayan da ya fi ƙarfinsa ba. In aka ce in zaɓi wanda ya fi muni, zan ce na nan, domin wanda bai sani ba yana da uzuri, wanda ya sani ya kau da kai ba shi da shi.

Ga misali. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin, shi ke jagorantar curl tun 1998, wata manhaja da ke ɗauko bayanai ta kai ta intanet. Tana cikin wayoyi, da talabijin, da motoci, da na'urorin wasa, biliyoyinsu. Saboda adireshin imel ɗinsa na fitowa a shafin lasisi na waɗannan na'urori, masu motoci kan rubuto masa suna neman ya gyara musu abin da ya lalace a allon motarsu, motar da bai ƙera ba, bai kuma ci ko sisi daga cinikinta ba. A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin abin da ke wucewa tsakaninka da shafukan intanet masu yawan gaske. Da aka waiwaya sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba, mutanen da ke kansa kuma 'yan ƙalilan ne. A Disambar 2021 aka sake samun irin wannan ɓaraka a wata manhajar mai suna Log4j, masu aikin sa kai suka hana idonsu barci suna toshe rami, manyan kamfanoni na ta aiko musu da saƙon matsin lamba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na xz, wata manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane tsarin Linux. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana kula da ita, ba albashi. Ya gaji, ya kuma faɗa a fili cewa aikin ba biyansa ake yi ba. Sai wasu suka taso shi a gaba da ƙorafi, kullum suna cewa aiki ba ya tafiya, ya miƙa wa wani. A gefe guda kuma ga wani mai kiran kansa Jia Tan, mai haƙuri, mai kawo gyare-gyare masu kyau, ya yi kusan shekara biyu yana taimako har aka yarda da shi aka ba shi makulli. Shi ne ya dasa ƙofar ɓoye da za ta iya ba shi damar shiga kwamfutoci ba adadi. Abin da ya tona asirin, wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai share ba, ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris 2024 ya sanar da duniya, kafin gurɓataccen zubin ya bazu. Mutane da yawa sun karanta labarin a matsayin labarin tsaro. Ni abin da na gani shi ne, makamin da aka yi amfani da shi gajiyar mutum ne da kaɗaicinsa. Ƙorafin da aka yi masa ruwansa kuwa bai bambanta da saƙon da na aika wa wancan bawan Allah ba.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: ba duk buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya karanta ya gyara, ce ke hannun masu sa kai ba. Linux da Linus Torvalds ya faro a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yau mafi yawan masu rubuta shi ma'aikatan kamfanoni ne irin su Intel da Red Hat da Google, ana biyansu. Tun 2017 duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki, ba wanda zai bar irin wannan ya lalace. Amma ƙananan tubalan da ke ƙarƙashi, irin su xz, waɗanda ba a ganinsu sai sun tsage, da yawansu har yau a wuyan mutum ɗaya ko biyu suke. A nan Turai an fara farga. Jamus ta kafa asusu a 2022 don tallafa wa irin waɗannan ayyuka, jiharta ta Schleswig-Holstein kuma ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 kan LibreOffice, manhajar da ƙanena ke shakkar ƙarkonta.

Rainin da muke yi kuma mu yake cuta. Tun da Richard Stallman ya shelanta aikin GNU, na gina manhaja mai 'yanci, a 1983, maganar ba ta rashin biyan kuɗi ba ce kawai. 'Yanci ne: ka yi amfani da manhajar yadda ka so, ka buɗe cikinta ka karanta, ka gyara, ka raba wa wasu. Yaron da ke da manhajar sata mai amfani ne kawai, kuma a ɓoye. Yaron da ke da Debian, wadda masu sa kai ke ginawa tun 1993, yana riƙe da makaranta sukutum a hannunsa, kuma ƙofar shiga cikin masu ginin a buɗe take gare shi, ba a tambayarsa takardar shaida ko ƙasar da ya fito. Akwai kuma aikin da ba wanda zai yi mana shi. Mutumin nan da ya gyara mini haruffa bai san da ƙ ba sai da na gaya masa. Wikipedia ta Hausa a kan MediaWiki take, buɗaɗɗiyar manhaja, kuma 'yan'uwanmu ne masu sa kai ke cika ta, ina jinjina musu ƙwarai. Common Voice, aikin tattara muryoyi na gidauniyar Mozilla, yana karɓar muryoyin Hausa, ka karanta jimla a naɗa. Fassara maɓallan manhaja zuwa Hausa ba ya buƙatar ka iya rubuta ko layi ɗaya na umarnin kwamfuta.

Ni dai yanzu duk ranar 14 ga Fabrairu, wadda wata gidauniyar manhaja mai 'yanci ta Turai ta ware don yi wa waɗannan mutane godiya, nakan zauna in rubuta wa mutum biyu ko uku. Ba dogon zance ba, in faɗi abin da na yi da aikinsu, in ce na gode. Ɗan abin da ya samu na kuɗi kuma in tura wa ɗaya daga cikinsu. Wani ya taɓa amsa mini cewa mafi yawan saƙonnin da yake buɗewa na matsala ne, nawa ya karanta wa matarsa.

Shekaranjiya ƙanena ya sake kira. Takardar ta buɗe, ya miƙa aikinsa a kan lokaci, sai dai wani jadawali a shafi na huɗu ya goce gefe. Ya ce, "Yaya, ka gani ko? Wa zan kama yanzu?" Na ce ba wanda za ka kama. Ka cire sunanka da sauran bayananka daga takardar ka turo mini, ranar Asabar mu zauna a waya mu rubuta musu rahoto tare, mu faɗi zubin da kake amfani da shi da yadda abin ya faru daki-daki. Ya ce da Turanci? Na ce da Turanci, kai za ka rubuta, ni in duba, kuma da gaisuwa za mu fara.