Yadda na yi kishi da kaina har sati guda

Wlh har yau in na tuna sai na rufe fuska ni kaɗai a ɗaki. Daga murmushi abin ya faro. Oga ya ɗauko wani sabon salo, da daddare yana kwance yana danna waya sai naga yana ta murmushi shi kaɗai, irin na gefen bakin nan da rabon da ya min shi tun yana zuwa zance. In nace lafiya, sai yace ba komai gurup ne. Gurup? Wane irin gurup ne zai sa magidanci washe baki ƙarfe 11 na dare?

Na fara da hanyar da kowace mace ta sani. Na bari yayi barci na lallaɓa na ɗauko wayar na kara masa a fuska, ashe irin wadda ba ta buɗewa ce sai ido na buɗe, ni kuma ba zan iya ɓare wa mutum ido yana minshari ba (na yi tunanin hakan fa, kar nayi ƙarya). Na koma lambobi. Na saka ranar haihuwata ta ƙi, na saka ranar aurenmu ta ƙi, wannan ma shi yafi min ciwo, na ci gaba da cankar har wayar ta gaji dani ta kulle kanta tace sai na jira. Na mayar masa da kayarsa na kwanta ina huci.

Washegari na kai kuka wajen ƙawata, wadda ita kanta nata auren Allah ne kawai yake riƙe da shi, amma in dai shawara ce ba ta ƙarewa a bakinta. Tace ke kin cika sanyi, sayi sabon layi ki gwada shi, namiji ai ba a saninsa sai an ɗana masa tarko. Na saya, na saka a tsohuwar wayata, na buɗe WhatsApp da sunan Zee, na ɗora hoton fure, na tura wa ƙawar tawa lambar ta ajiye sbd tana bin labari.

Na rubuta masa "Slm, barka da dare, a wani gurup naga lambarka." Alama biyu suka yi shuɗi, ya karanta kenan. Shiru. Kwana biyu cur bai amsa ba.

To nan fa hauka na ya fito. Maimakon naji daɗi mijina ya ci jarrabawa, sai naji wani haushi ya tokare ni, wato Zee ba ta kai ya amsa mata ba? Ni ce fa Zee! Na wuni ina kumbure-kumbure yana ta tambaya wai me aka min.

Rana ta uku sai ga shi, "Wslm Zee, ya gajiya?" Gabana ya faɗi. Ya gajiya! Ni da nake gajiyar a gabansa kullum bai taɓa tambaya ba. Daga nan hira ta ɓarke, sai na shige banɗaki na kulle ina amsa masa da shagwaɓa a matsayin Zee, na fito ina harararsa a matsayin matarsa, ya kalle ni ya sunkuyar da kai yana danne dariya, ni kuma nace a raina yi ta yi, ranarka na zuwa. Zee ta tambaye shi ko yana da mata, yace yana da ita, mai kirki ce sai dai kwanan nan ta cika daɗewa a banɗaki har yana tunanin kaita asibiti. Jama'a ko a nan ban farga ba. Sai ma na ɗauki hoton maganar na ajiye, wai ga shi yana kai sirrina waje. Zee tace datarta ta ƙare, ko minti biyar ba a yi ba ya turo, ni kuwa sati guda ina masa maganar tawa yana cewa an jima. Datar dai na yi amfani da ita, ai ba a bari ta lalace ba.

Da na tara hujja ta ishe ni sai na sa ranar tonon asiri, har kalaman da zan faɗa na haddace gaban madubi. Daren ranar muna kwance kowa ya juya wa kowa baya, wayar Zee na ƙarƙashin filo na, na manta ban kashe mata ƙara ba. Naji yana danna tasa. Sai filo na yace ƙirrr.

Ɗakin yayi tsit. Na zaro ta a hankali kamar mai ɗauko kunama. Ya rubuta: "Zee dan Allah in ba damuwa miƙa hannu ki kashe mana fitila, makunnin yafi kusa dake."

Ban san lokacin da naja bargo har ka ba, shi kuma dariya har da dukan katifa. Da ya samu numfashi ya buɗe Truecaller ya nuna min, ashe tun daren farko ya duba lambar. Shi wannan abu daga wayoyin mutane yake kwaso suna, yadda aka ajiye ka haka zai nuna ka, ita kuma uwar shawara da hannunta ta ajiye ni da "Layin gwajin miji". Kwana biyun da yayi shiru wai yana shawara ne ko ya tausaya min.

Gurup ɗin kuwa na ƴan ajinsu ne na sakandare, wasu tsofaffin banza suna turo hoton sanƙonsu ana ba da maki. Lambar buɗe wayar kuma da na kwana ina canka, 1234 ce, ban gwada ba sbd na ɗauka yafi haka wayo.

Har yau bai goge lambar Zee ba. In muka yi faɗa sai ya tura wa Zee saƙo wai ta taya shi ba madam haƙuri, kuma wlh muryar da yake mata magana da ita tafi tawa laushi. Jiya ma ya turo mata data. Ni ko oho.