Jita Ko Fiyano: Shari'ar Ƙofar Gidan Alhaji

(Bayan la'asar, a ƙofar gidan Alhaji Bakano. Buzu mai gadi yana fifita gawayi a ƙarƙashin 'yar butar shayinsa. Malam Bazazzagi, tsohon hedimasta, ya miƙe ƙafa a tabarmar Alhaji. Auta na tsaye yana sosa ƙeya.)

ALHAJI: Maimaita abin da ka faɗa a cikin gida, bawana ya ji da kunnensa, kada gobe a ce na yi maka ƙage.

AUTA: Baba, kiɗa nake so in koya. Jita ko fiyano, na rasa da wanne zan fara.

ALHAJI: Inna lillahi! Kakanka bafatake, ubanka ɗan Kantin Kwari, kai kuma maroƙi? Mu a zuri'armu ko tafi ba ma yi sai an faɗi riba.

BAZAZZAGI: Ai dama Bakano bai san wani kiɗa ba sai ƙarar injin ƙirga kuɗi. Zo nan ɗana, rabu da shi. Fiyano za ka koya. Shi ne kayan kiɗan masu ilimi. Wani Ba'italiye, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙera shi a birnin Florence wajen shekarar 1700.

ALHAJI: Wa ya tambaye ka sunan maƙerin? Ni farashi nake jira.

BUZU: Maigida, jita. Ba sai an yi dogon zance ba. A Agadas yaro yana yaye, yana kama jita.

ALHAJI: Kai kuma ƙofa na ɗauke ka ka tsare mini, ba zuri'ata ba. To tsaya, a yi abu a ƙa'ida. Malam, naka abu nawa ne a jikinsa?

BAZAZZAGI: Maɓallai 88. Farare 52, baƙaƙe 36.

ALHAJI: Buzu, naka fa?

BUZU: Tsirkiya shida.

ALHAJI: Shida? Shida kacal? Ai magana ta ƙare, fiyano ya fi auki.

BUZU: Kowace tsirkiya tana da matakai wajen ashirin a wuyan jitar. Ko'ina ka danna, sauti daban.

ALHAJI: (ya zaro kalkuleta daga aljihun babbar riga) Shida sau ashirin... ɗari da ashirin! Malam, an kayar da kai, kuma a gaban yara.

BAZAZZAGI: Ka tambaye shi nawa ne maimai a ciki. Sauti guda sai ka same shi a wuri uku ko huɗu a kan tsirkiyoyi daban-daban.

ALHAJI: Algus ke nan! Buzu, ashe ku ma kun iya cika mudu da ƙaiƙayi?

AUTA: Baba, ni dai...

ALHAJI: Yi shiru, manya na tattauna rayuwarka.

BAZAZZAGI: Saurara ka ji abin da ya sa na ce fiyano. Komai a shimfiɗe yake a gabanka, a jere, daga kauri zuwa siriri. Baƙaƙen nan biyu-biyu ne da uku-uku. Ka nemo guda biyun, farin da ke hagunsu shi ne "do". Daga nan ka yi ta tafiya dama: re, mi, fa, so. Ka danna, ya yi ƙara, kuma ƙarar daidai. Ko akuyar Hajiya ce ta taka, sauti mai kyau zai fito. Yaro ya zauna da hantsi, kafin azahar ya fitar da 'yar waƙa da yatsa ɗaya.

ALHAJI: To in akuya ta iya, me zai sa in biya wa ɗana kuɗin koyo? A kawo akuyar.

BAZAZZAGI: Wahalar tana gaba. Ranar da za a ce hannun dama ya bi waƙa, na hagu ya riƙe nasa kiɗan daban, a lokaci guda, ranar ake raba yaro da babba. Wasu sai su yi watanni hannuwansu na rigima da juna.

ALHAJI: Wannan ai gado ne a gidanmu. Ni da dama nake ƙirga canji, da hagu ina riƙe da rigar mai saye kada ya wuce shagon gaba.

BUZU: Ita jita ba ta munafunci. Tun ranar farko take nuna maka halinta. Miƙo hannunka na hagu, Auta. Ka ga waɗannan faratan? Duk a yanke su ƙasa-ƙasa. Da kan yatsa ake danna tsirkiya, kuma ta ƙarfe ce. Makon farko za ka ga layi ya kwanta a kan kowane yatsa, ko tuwo ka taɓa sai ka ce wash. Ka danna da sanyi-sanyi, ta yi maka zizar ƙuda. Ka danna da kyau, yatsan kusa ya jingina da wata tsirkiyar ya kashe ta. Amma ka daure 'yan makonni, sai kanta ta fito. Duba nawa. (Ya ɗauki garwashi da yatsu ya gyara shi a ƙarƙashin buta.)

ALHAJI: A'a! Wato bayan kiɗan har an huta da sayen matsefin wuta.

BUZU: Daga nan ka iya kamu uku ko huɗu, wato yadda ake jera yatsu a danne tsirkiyoyi tare, ka san yadda ake sauya su ba tare da ka tsaya kallon hannunka ba, shi ke nan, waƙoƙi sun buɗe maka. Kai da ita ku tafi ko'ina. A rataye take.

BAZAZZAGI: Faɗa masa gaskiya dai. Faɗa masa kamun nan da ake kwantar da ɗan ali ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya. A nan rabin masu koyo suke jingine ta bayan ƙofa, gizo-gizo ya gaje ta.

BUZU: Raggwaye ne. Ko 'yan Zariya.

BAZAZZAGI: Ka ji mini Buzu! Alhaji, ka ja wa mai gadinka kunne.

ALHAJI: Yau ne karon farko da na ji ya cancanci albashinsa. Ci gaba, Malam. Shi wannan fiyanon naka a rataye yake shi ma?

BAZAZZAGI: To... na asalin yana da ɗan nauyi. Na tsaye ma yakan haura kilo 200. A cikinsa akwai tsirkiya fiye da 200, da 'yan gudumomi sanye da ulu. Kana danna maɓalli, guduma ta daki tsirkiya.

ALHAJI: Tsaya, tsaya. Tsirkiya? Ashe duk wannan cika bakin, jita ce aka kulle a cikin durowa aka ninka mata kuɗi.

BUZU: Raƙumi ma in ya gan shi sai ya ƙi durƙusawa.

BAZAZZAGI: Ba shi nake nufi a saya ba. Akwai ƙaramin na lantarki, mai maɓalli 61, wanda yaro zai saɓa a hammata. Shi mutane ke kira fiyano a garin nan. Yamaha suna yi, Casio suna yi.

ALHAJI: Yamaha na babur?

BAZAZZAGI: Asalinsu ɗaya. Da kayan kiɗa ma suka fara tun 1887, babur sai a 1955. Ka duba tambarin da ke jikin tankin, ƙarafuna uku ne na saita sautin kiɗa.

ALHAJI: To shi wannan yana shan mai?

BAZAZZAGI: Ba ya sha.

ALHAJI: Ana ɗaukar fasinja da shi?

BAZAZZAGI: Alhaji!

ALHAJI: To a bar Yamaha. Casio dai na san su, mutanen kirki ne. (Ya shafa kalkuletarsa.) Ba su taɓa yi mini ƙarya ba. Amma ka ce na lantarki. In an ɗauke wuta fa?

BAZAZZAGI: Yana cin batir. Guda shida.

ALHAJI: Shida! Kowane mako? Yaro na "do re mi", ni ina "wayyo aljihuna".

BUZU: Jita ba ruwanta da NEPA. Mu a daji muke kaɗa ta, hasken wata ya ishe mu.

BAZAZZAGI: Ba ruwanta da NEPA, amma da ruwanta da hunturu. Iska ta bushe, katako ya motsa, wani lokaci har ya tsage. Kuma duk sanda ka ɗauke ta sai ka murɗa kunnuwan nan shida ka daidaita ta, in ba haka ba kana kamu daidai tana kukan jaki. Sabon koyo ina ya san daidai? Shi fiyanon lantarki yadda ka bar shi jiya haka za ka same shi baɗi.

AUTA: Baba Malam, akwai manhaja a waya da take saurara ta gaya maka ko tsirkiyar ta...

ALHAJI: Na ce ka yi shiru. Data kuma za ka ɓullo da ita.

BAZAZZAGI: Ga wani abu da zai yi maka daɗi, Alhaji. Fiyano ana soka masa abin ji na kunne. Yaro ya kwana yana ɓarin kiɗa, ba wanda ya ji sai shi kaɗai.

ALHAJI: Wato in saya da kuɗina, kuma a hana ni ji?

BAZAZZAGI: Wallahi watan farko za ka gode wa Allah da ba ka ji ba.

BUZU: (yana tsiyaya shayi daga sama har ya yi kumfa) Karɓi na farko, Maigida. Da ɗaci.

ALHAJI: Duk hirar nan ma ɗaci gare ta. Har yanzu ba wanda ya gaya mini inda kuɗin ke dawowa.

BAZAZZAGI: Ka taɓa bi ta Zoo Road? Ka leƙa situdiyon da ake buga waƙoƙin fim da na biki da na siyasa. Mutum ɗaya ne zaune gaban fiyano da kwamfuta. A cikin akwatin nan akwai ganga, akwai sarewa, akwai algaitar Turawa, kai har ita jitar tana ciki. Maɓalli ɗaya za ka taɓa ya rikiɗe.

ALHAJI: (ya gyara zama) Ma'aikaci ɗaya, aikin mutum goma? Kuma ba kuɗin abincin rana?

BAZAZZAGI: Ko sisi.

ALHAJI: Auta, ashe kai yaron albarka ne. Tun kana goye na ga alamar kiɗa a tare da kai.

BUZU: Jitar cikin fiyano shayin leda ce, Maigida. Launin ne kawai. In kuɗi kake so, ka ji labarin namu. Makaɗan Tinariwen na Mali sun ciyo babbar kyautar waƙa ta Grammy a Amurka a 2012. Bombino ɗan wajenmu ne, ya zaga duniya da jita a kafaɗa. Mdou Moctar ma na Nijar ne, bahago, waƙoƙinsa na farko a nan Sakkwato ya ɗauke su a 2008, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a katin memori har suka tsallaka teku. Yanzu Turawa ke layin sayen tikiti.

ALHAJI: Da dala?

BUZU: Da dala.

ALHAJI: Auta, manta da abin da na faɗa ɗazu. Alamar jita na gani.

BAZAZZAGI: Kai dai ba ka da alƙibla sai inda kuɗi ya fuskanta. A tambayi mai abin mana. Ɗana, ka taɓa taɓa ɗaya a cikinsu?

AUTA: Na taɓa duka, Baba Malam. Fiyanon abokina, ranar ma na fitar da taken ƙasa. Jitar kuwa yatsuna suka yi kwana uku suna zafi, ko kamu ɗaya bai fita ba. Amma ita nake ta tunawa in na kwanta.

BUZU: Ta kama shi. Ba magani.

BAZAZZAGI: Taken ƙasa a rana ɗaya, ka bar shi ka bi abin da ya ji maka ciwo? Lallai jinin Kano ne, ba ku ganin hanya mai kyau sai mai cunkoso.

ALHAJI: To Buzu, shi wannan bahagon naku, ubansa nawa ya sayo masa ta farko?

BUZU: Wa zai saya masa? Gidansu ma ba sa so. Da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke.

ALHAJI: Wayar me?

BUZU: Birkin keke.

BAZAZZAGI: Wannan ba abin mamaki ba ne. Marigayi Ɗan Maraya Jos da me ya yi suna? Kuntigi. Gwangwani, 'yar fata, sanda, tsirkiya ɗaya tal. Da shi ya shiga ƙasashen duniya har Allah ya karɓi abinsa a 2015. Mu masana mun daɗe muna cewa ba tsadar kaya ce ke...

ALHAJI: Allah ya yi maka albarka, bawana. Shekara talatin ina ciyar da kai, yau ka biya. Auta, matso.

(Ya yi masa raɗa a kunne, ya zaro filaya daga ƙarƙashin tabarma ya danƙa masa. Auta ya zaro ido, Alhaji ya zaro nasa. Auta ya zagaya bayan katanga, inda Malam yake jingine tsohon kekensa Rali a inuwa.)

BAZAZZAGI: Ina ka aike shi?

ALHAJI: Makarantar kiɗa. Sha shayinka, na biyun ya fi daɗi.

BAZAZZAGI: Ni dai na faɗi gaskiyata. In ya fara da fiyano, duk abin da ya ɗauka daga baya zai zo masa da sauƙi, don ya riga ya ga yadda sautuka suke a jere. In ya fara da jita, to, Allah ya ba yatsunsa haƙuri. Bari in kama hanya kada magariba ta riske ni.

ALHAJI: Ka gaida mutanen fate. Ka bi ta gangaren nan, ya fi kusa.

(Malam ya naɗe babbar riga, ya haye keke, ya miƙa gangare. Auta ya dawo da wayoyi biyu a hannu.)

AUTA: Baba, biyu kawai na samu. Jita shida take ci.

ALHAJI: Fara da garaya. Sauran huɗun, yana da ƙanne a Zariya.

(Daga ƙasan gangare aka jiyo "Birki! Jama'a, birki!", sai kuma ƙarar keke ya rungumi kurar ɗan garuwa, jarkoki na ta gangarawa ɗaya bayan ɗaya.)

BUZU: Maigida, wannan sautin fa, jita ce ko fiyano?

ALHAJI: Ganga ce. Auta, ruga ka ce wa ɗan garuwar ba mu san shi ba.