Jallabiya da sandar kardan ba sa shan inuwa ɗaya

'Yan uwa masu aikin girbi a Gadarif da Sinnar na ƙasar Sudan, ga lokacin casar dawa ya zo, kuma duk shekara sai an ji injin ya cinye hannun wani, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma murfin sandar da ke juya injin ai mutum ne ya cire shi da sifana.

Sandar kardan da ke ɗauko ƙarfi daga bayan tarakta zuwa injin casa, wanda a nan ake cewa daggaga, tana juyi 540 a minti ɗaya, wato tara a daƙiƙa. In kaurinta ya kai inci uku, tana naɗe yadi kusan mita biyu kafin ka ce wayyo. To jallabiya mita nawa ce? Balle jelar rawani da iska ke kaɗawa. Yadin ma mai kyau shi ya fi haɗari, don ba ya yagewa ya sake ka, jan ka zai yi.

Murfin roba da ke kan sandar ba ado ba ne. In tarakta na kashe, kwance sarƙar da ke riƙe shi ka juya shi da hannu: ya kamata ya juya shi kaɗai, sannan ka mayar da sarƙar ka ɗaure. In ya fashe, a sauya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙusar haɗi ta karye, wani ya zura dogon bol ko guntun rodi ya lanƙwasa. Wannan tsinin da ya leƙo shi ke kama bakin riga.

Sai toshewa. Zangarniya mai danshi ta cushe bakin injin, yaro ya cusa hannu, ko ya danna da ƙafa. A'a. A cire giyar kardan, a kashe tarakta, makulli ya shiga aljihun mai gyaran, ba na direba ba. Sannan a jira gangar da ke juyi a cikin injin ta tsaya cak, domin nauyinta na ci gaba da juya ta bayan ƙara ta mutu.

Masu gona, laifin har da ku. In kuɗin aiki a kan buhu ne, wa zai yarda ya kashe inji minti biyar? Ga aikin dare da fitila ɗaya, mutane sun kwana biyu ba barci. Ku sa a yarjejeniya cewa tsayawar gyara ba ta rage wa kowa ko sisi, kuma mai ba injin dawa ya sa gajeruwar riga mai matse hannu, rawani ya jira shi a bukka.